Gasar kitso da gyaran gashi: in shiga ko in tsaya a shagona?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni makitsiya ce, ina da ɗan saloon a Zariya, da yara masu koyo a ƙarƙashina. An sanar da wata gasar gyaran gashi da za a yi a Abuja, kwastomomina sun matsa wai in shiga tunda hannuna na da kyau. Ina so, amma ina tsoron kuɗin da zan kashe. Ga shi ba na sa wa mutane gashin doki, kuma ban ga wadda za ta yarda ta buɗe kanta a gaban maza ba. Maigida ya ce in nemi shawara tukuna. Daga 'yar'uwarki a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya yi wa sana'a albarka, ya saka wa maigidan naki da alheri da bai ce a'a kai tsaye ba. Shawarata ita ce ki shiga, sai an gwada akan san na ƙwarai. Amma kada ki biya ko sisi sai takardar ƙa'idojin gasar ta zo hannunki kin karanta ta daga farko har ƙarshe.

Dalilin da ya sa na fara da takarda, kitson gasa daban yake da kitson shago. A shago ke da kwastoma kuna hira, ki tashi ki yi sallah ki dawo, in tsaga ta ɗan karkace ki ɓoye ta a ƙarƙashin wata. A gasa agogo ake kunna miki, da an ce a tsaya sai ki ɗaga hannu ko da saura jela biyu. Alkalai kuma ba daga nesa suke kallo ba. Za su zagayo ta ƙeya su sunkuya, su bi tsagar nan ɗaya bayan ɗaya su ga ko kibiyarki ta tafi a miƙe, ko kaurin kitson dama ya yi daidai da na hagu, ko kin bar ɓurɓushin gashi yana leƙowa a bayan kunne. Goshi ma suna dubawa. In kin ja gashin gaba har fata ta ɗaga ta yi ƙananan ƙuraje, maki ya tafi, kuma gaskiyarsu ce, don irin wannan jan ne yake cinye wa matanmu gaban kai. Har teburinki ana lura da shi: kum mai datti, tawul a ƙasa, man kitso a buɗe. Na sha ganin gwanaye sun faɗi a kan waɗannan ƙananan abubuwa, wadda ba ta kai su hannu ba ta ɗauke kofi saboda ta gama a kan lokaci kuma aikinta tsaf.

Don haka ki samu agogo ki fara gwaji tun yanzu, salo ɗaya tak, ki yi ta maimaita shi har hannunki ya haddace. Ki sa ɗaya daga cikin yaranki ta riƙe lokaci, ki kuma ɗauki hoton aikin ta gaba, ta gefe, ta baya. Hoto ba ya kara, abin da idonki ya yafe miki shi zai nuna.

Maganar buɗe kai kuwa, ki kwantar da hankalinki. Manyan gasannin duniya ma da yawa a kan kan roba mai gashi ake yin su. Gasar OMC Hairworld, wadda aka sha yi a birnin Paris, tana da rukunoni da dama na kan roba, haka ma ɓangaren gyaran gashi na WorldSkills, gasar sana'o'in hannu ta duniya da ake yi duk bayan shekara biyu, wadda aka yi a Lyon ta ƙasar Faransa a 2024. Wasu kuma da hoto ake shiga, kamar British Hairdressing Awards ta Ingila da aka faro tun 1985. Saboda haka ba ƙauyanci ba ne ki kira masu shirya ta Abuja ki tambaye su ko akwai rukunin kan roba, ko zauren mata zalla. In sun ce babu, ki haƙura ki jira wata. Ban yarda ki roƙi 'yar mutane ta yi abin da ke kanki ba za ki yi ba saboda kofi.

Gashin doki ma haka. Hadisin da ya hana ƙarin gashi sananne ne, yana cikin Bukhari da Muslim, kin kuma riga kin tsayar da matsayarki, kada gasa ta sa ki sauya. Ki nemi rukunin kitson gargajiya ko na gashin mutum na asali. Ni a ganina nan ne ma ƙarfinki yake. Masu ɗinka gashi da rini sun yi yawa a Abuja da Legas, amma nawa ne a cikinsu za su zauna su yi doka yadda kakanninmu suke yi, ko kitson Fulani mai saukowa ta gefen kunne, ko ƙananan shuku da tsaga kamar an ja da zare? Abin yana min ciwo in ga 'yan Arewa sun je gasa suna kwaikwayon abin da suka gani a Instagram, sun bar nasu a gida.

Sai kuɗi. Ki zauna da biro ki haɗa kuɗin fom, mota zuwa da dawowa, masauki, abinci, kan roba na gwaji da na ranar, da cinikin da za ki rasa a kwanakin da shago zai zauna ba ke. In jimillar za ta taɓa kuɗin haya ko jarinki, bana ki je kallo kawai, baɗi ki shiga da shiri. Kuma ki duba watan, kada ta faɗo a makon Sallah, lokacin da shago yake kawo na shekara.

Abu ɗaya da nake so ki guje masa: gasar da za a ce mai yawan ƙuri'a ita ce ta ci, kowace ƙuri'a kuma da kuɗi ake sayenta. Wannan ba hannu ake aunawa ba, aljihun dangi ake tatsa. Ki tambayi su wane ne alkalai, ki nemi wadda ta ci bara ki ji ko an ba ta kyautar da aka yi alkawari. In kin je, ko kin ci ko ba ki ci ba, ki roƙi takardar makinki ki ga inda aka rage miki, ki kuma karɓi lambar waɗanda aikinsu ya burge ki.

TAMBAYA: Anti, shekarata 19, ina koyon aiki a wani saloon a Kaduna. Zan iya shiga gasar ƙasashen waje da kaina?

AMSA: 'Yata, WorldSkills ta matasa ce, a gyaran gashi ba a wuce shekara 22, to shekarunki sun yi. Sai dai mutum ba ya kai kansa, ƙasa ce take tace 'yan takara ta tura wakilinta. Ki fara da ƙananan gasanni na cikin gari, da izinin uwar ɗakinki da na iyayenki, ki kuma dage ki koyi yankan gashi da rini da busarwa, don a can ba kitso kaɗai ake tambaya ba. Allah ya ba da sa'a.