Amsa ga ɗan'uwan da ke son sayen NAS na farko a shagonsa

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Wallahi ina karanta tambayarka gabana na faɗuwa, don halin da kake ciki na taɓa shiga shi sak. Ka ce kwamfuta biyar ce a shagon, aiki ya warwatse a filas da WhatsApp, kowane yaro da kwafin da yake riƙe da shi, kana son NAS, wato akwatin ajiyar fayil da duk kwamfutocin shago za su riƙa shiga, amma ka rasa ko mai gidan had-dis biyu za ka saya ko mai huɗu, ko kuwa tsohuwar kwamfuta za ka tayar ta yi aikin. Mu ma hoto da bidiyon biki muke yi.

Don Allah ko me za ka saya, kada ka yarda a haɗa maka shi a bayan idonka. Ni wani aka kawo mini, aka ce gwani ne, har manyan ofisoshi yake wa aiki. Na ba shi kuɗin na'ura da sababbin had-dis biyu masu tera 4 kowanne. Ya kawo, ya kunna, ya nuna mini wuri kusan tera 8 a allo yana murmushi, ya ce ya haɗe mini su don kada in yi asarar wuri. Ashe RAID 0 ya yi, wanda yake raba kowane fayil tsakanin had-dis ɗin biyu, in ɗaya ya mutu komai ya tafi, har abin da ke kan mai lafiyar. Kuma ba sababbi ba ne, na gwanjo ne. Wanda ya duba mini daga baya ya nuna mini lissafin awowin da ke cikinsu, sun yi shekaru suna juyawa a wani wuri kafin su zo hannuna.

Bayan Sallah abin ya faru, lokacin da biki ya fi yawa. Muka zo da safe na'ura tana ƙara, babu abin da ke buɗuwa. Yara sun riga sun goge memori sun tafi wani aikin, don kowa ya sakankance komai yana cikin akwati. Da la'asar uwar wata amarya ta zo karɓar bidiyon kamu da na walima. Na rasa bakin magana. Na ce Hajiya ki yi haƙuri, zan mayar da kuɗin har da ƙari. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce ɗana ba kuɗi na zo nema ba, mahaifin yarinyar nan ya rasu bayan bikin, hotonsa na ƙarshe da 'yarsa yana hannunka. Ta zauna a benci ta daɗe tana share hawaye, ni ina tsaye. Har yau in na hange ta a unguwa jikina sanyi yake yi. Shi kuwa mutumin na yi ta kira ba ya ɗagawa, da ya ɗaga sai cewa ya yi ƙaddara ce, na'ura ba ta da tabbas. Ƙaddara gaskiya ce, amma shi ya karɓi kuɗin sabo ya sa tsoho. Kalmar sirrin babban asusun da ke iko da na'urar ma a hannunsa take, sai da aka haɗa shi da yayansa kafin ya turo. Na bar shi da Allah, amma ban manta ba.

To ka ga in had-dis biyu ne masu tera 4, abin da ya kamata ka gani a allo kusan tera 3.6 ne, wato RAID 1, kowanne madubin ɗan'uwansa. A NAS na kamfanin Synology za ka ga an rubuta SHR, da had-dis biyu aikinsa ɗaya ne da RAID 1. In ka ga ya haura tera 7, ka ce a tsaya. Ka buɗe kwalin da hannunka, ka shiga wurin lafiyar had-dis ka duba awowinsa a gaban mai sayarwa. Ka nemi had-dis WD Red Plus ko Seagate IronWolf. A 2020 an gano wasu WD Red masu tera 2 zuwa 6 irin da ake kira SMR ne, masu nauyin jiki sosai in an canza had-dis ɗin da ya mutu ana sake gina RAID, shi ya sa nake cewa mai Plus.

Kuma ko RAID 1 ɗin, kada ka ɗauka ka tsira. In yaro ya goge fayil, a duka biyun ya gogu. Ɓarawo in ya shigo akwatin gaba ɗaya zai sungume. Ka tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, wuta ba ta tambayar had-dis nawa ne a ciki. Ka sayi had-dis na waje mai USB, ka sa na'urar ta riƙa kwafe masa aiki, ka tafi da shi gida, in da hali biyu kana musanyawa. Lokaci-lokaci ka jona shi a wata kwamfutar ka buɗe bidiyo ɗaya ka ga yana yi. A shagona yanzu ba a goge memori sai aiki ya zauna wuri biyu, wanda ya karya wannan dokar ya san sauran.

Maganar wuta kuma. Inbata kaɗai ba ta isa ba, batir yana ƙarewa da tsakar dare ba kowa a shago, kuma ɗauke wuta ana tsaka da rubutu yana lalata fayil. Ka sa UPS, wato ƙaramin batir mai riƙe na'ura in an ɗauke wuta, mai wayar USB da za ta shiga bayan NAS ɗin, don in batir ya yi ƙasa na'urar ta kashe kanta a tsanake. Kada ka kulle ta a kabad, zafin Maris da Afrilu ba wasa ba ne, kuma da hunturu ka riƙa kaɗe ƙurar fanka.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma yana damuna: hotunan matan mutane amana ne. Kowane yaro a buɗe masa asusunsa da kalmar sirrinsa, ya ga abin da ya shafi aikinsa kawai, ranar da ya bar aiki ka rufe. Na ga yadda hoton amarya ke yawo a waya daga shagon da kowa ke shiga da suna ɗaya, aure ma yana iya mutuwa a kan haka. Babban asusun kai kaɗai, ka rubuta a takarda ka ajiye a gida. Kada kuma a buɗe na'urar ga intanet wai don ka duba aiki daga gida. A Janairun 2022 masu kutse da ake kira DeadBolt sun kulle fayilolin NAS na kamfanin QNAP da aka bari a buɗe, suna neman fansa da Bitcoin. Ka kashe UPnP a rauta, wato saitin da ke barin na'ura ta buɗe wa kanta ƙofa ga intanet, in dole sai ka shiga daga nesa a sa maka Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urorinka ta ɓoyayyiyar hanya.

Tsohuwar kwamfuta da TrueNAS tana yi, manhajar kyauta ce mai mayar da kwamfuta NAS, amma tana son RAM giga 8 aƙalla, tana shan wuta fiye da ƙaramin akwati, kuma ranar da ta tsaya kai ne makanike. Ni ban ba ka shawararta ba sai in hannunka ya faɗa. Ga kwamfuta biyar mai gida biyu ya isa in takardu da hotuna ne, rarar kuɗin ka sa a UPS da had-dis na waje. In bidiyo ne mai yawa ka daure ka sayi mai huɗu, ka fara da biyu. Ka ja waya zuwa kowace kwamfuta, kada ka dogara da Wi-Fi, waya mai gigabit tana ba da kusan mega 110 a daƙiƙa.

Ka faɗa mana tera nawa aikinku yake yanzu in an tattara, da irin wutar da kuke amfani da ita a shagon, sai mu ga girman had-dis ɗin da zai yi maka. Allah Ya sa albarka a kasuwa.