Yadda muke riƙe mai karatu a Garwa: amsa ga wani marubuci daga Kano

Malam, saƙonka ya iso ni, kuma na gode da ka zaɓi tambaya a inda wasu suke yanke hukunci daga nesa. Ka ce ka ga rubuce-rubucen da nake yi wa jama'armu ta Garwa, ka yi mamakin yadda ake karanta su har ƙarshe ana kuma tura wa juna, alhali a zatonka Hausawan Kamaru ba su da sauran Hausar da za ta ɗauki dogon rubutu. Rabin farko na maganarka ya yi mini daɗi. Rabi na biyu kuwa na daɗe ina jin irinsa daga bakin 'yan'uwa na Kano da Katsina da Zariya, don haka zan amsa su tare, domin amsarsu ɗaya ce.

Abin da ya kamata ka fara sani shi ne irin mutumin da nake yi wa rubutu. Yaro a nan yana tashi da Hausa a cikin gida, ya fita kasuwa ya tarar da Fulatanci, wanda shi ne harshen cuɗanya daga Ngaundare har Marwa, ya shiga aji a koyar da shi da Faransanci, da yamma kuma ya ɗauki allonsa ya karanta Larabci. Mai karatunka a Kano, idan ka gundure shi, zai bar ka ya koma wurin wani marubucin Hausa, harshen bai yi asarar kowa ba. Nawa kuwa, idan na gundure shi, Hausar ce gaba ɗaya zai ajiye ya koma karatu da Faransanci, mai yiwuwa ma ba zai dawo ba. Duk wata dabara da ka gani a rubutuna daga wannan tsoron ta fito.

Matsala ta farko ita ce haruffa. Ku kun gaji ƙa'idar rubutu a makaranta, kun sami jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun a 1939, kuma akwai malamai a jami'o'inku da suka tsufa a kan wannan aiki. Mu da Faransanci muka koyi abacada, shi ya sa za ka ga mutuminmu ya rubuta "sannou" da "tchiki", ya kuma rubuta sunansa Ousmanou ko Aboubakar kamar yadda yake a takardar haihuwarsa. Na ga yadda wasu daga wajenku suke mayar da wannan abin dariya, kuma ban taɓa jin daɗinsa ba, domin mutumin da babu wanda ya koya masa ya zauna ya lalubo hanyar rubuta harshen uwarsa, yabo ya cancanta. Duk da haka ni da daidaitacciyar ƙa'ida nake rubutu, kuma ba na sakaci da haruffa masu ƙugiya, saboda baƙi daban baki daban, ƙafa daban kafa daban. Su ɓ da ɗ ba su ba mu wahala ba, tunda duk wanda ya taɓa ganin littafin Fulatanci ya san su. Harafin c ne abokin faɗa, domin wanda ya yi makarantar Faransanci idan ya ga "ciki" sai ya karanta "siki", idan ya ga "can" ya ce "kan". Maganin da na samu shi ne in sa jimlolin farko su zama na gaisuwa da maganganun da kowa ya haddace, ta yadda kunne zai gyara wa ido kafin a shiga cikin zance.

Game da tsarin rubutun, ba ni da wani sirri. Kanun magana ya faɗi abin da ke ciki da garin da abin ya faru. Kowane sakin layi ya ɗauki magana ɗaya ya sauke ta kafin a ɗauki wata, domin yawancin mutane a waya suke karantawa, kuma dogon rubutu marar numfashi yana korar mutum tun kafin ya san abin da aka ce. Ba na cika ado da launuka da manyan haruffa, hoto kuma sai wanda ya ƙara bayani. Abin da na fi kula da shi shi ne cewa a wurinmu mutum ɗaya ne yake karanta wa biyar, a majalisa bayan la'asar ko a tsakar gida, saboda haka kafin in saki rubutu sai na karanta shi da ƙarfi, duk inda harshena ya sarƙe in san cewa na mai karatu ma zai sarƙe.

Maganar da ka fi yabawa, wato yadda nake nuna tushen kowane labari, gado ce. Kakana daga ƙasar Kano ya fito tare da fatake, yana sayar da baƙin rini da kanwa, ya sauka Garwa a farkon zamanin Faransa, bayan an kori Jamus daga garin a 1915, lokacin da jiragen ruwa suke hawo Binuwai da damina suna sauke kaya. Har ya rasu yana aika wasiƙu gida da ajami, kuma akwai kaɗan daga cikin amsoshin da aka aiko masa a cikin wata tsohuwar adaka da mahaifina ya bar mana. Abin da ya fi burge ni a cikinsu shi ne babu labarin da yake tafiya shi kaɗai. Idan an ce wane ya rasu, sai an faɗi wanda ya halarci jana'izar ya kawo labarin. Idan an ce goro ya yi tsada, sai an faɗi kasuwar da bakin da aka ji. Mutanen da suke nesa da gida ba su da hanyar tabbatar da magana sai ta sanin wanda ya ɗauko ta. Ni ma haka nake yi: idan daga rediyo na ji, in faɗi tashar da ranar, idan daga littafi ne, in faɗi sunansa da babin, idan kuma na taɓa yin bayanin abin a wani rubutu na baya, in tura mai karatu can da kalmomin da za su gaya masa abin da zai tarar, domin cewa "duba can" kawai ba ya tayar da kowa daga zaune. Ba na jibga madogara goma a inda biyu masu ƙarfi suka isa, kuma ba na tura mutum wurin da ni kaina ban koma na duba ba.

Yanzu sai tambayar da ka sako a ƙarshe cikin ladabi, ko da auratayyar da muke yi da mutanen ƙasa har yanzu za a kira mu Hausawa. Mahaifiyata Bafulatana ce, da Fulatanci take yi mana faɗa, da Hausa take yi mana addu'a, kuma 'yata ta biyu tana aure a gidan Barebari a Marwa. Ban ga abin ɓoyewa a nan ba. Abin da yake ba ni mamaki shi ne a ce daga Kano wannan tambaya take fitowa, garin da gidan sarautarsa na Fulani Sulluɓawa ne tun hawan Ibrahim Dabo a 1819, kuma babu wanda ya taɓa cewa Hausar fadar Kano ta ragu. A nan ma cuɗanyar ba ta gefe ɗaya ba ce, domin idan ka shiga fadar lamiɗo za ka ji ana kiran Sarkin Yaƙi da Sarkin Fada da Sarkin Shanu da bakin Hausa. Idan kuwa ka gangara kudu, unguwar Birketeri a Yawunde ko Niyu Bel a Duwala, duk Musulmin arewa mai babbar riga Bahaushe ake ce masa, ko bai iya gaisuwa da Hausa ba. A can sunan ya yi mana yawa, a wajenku kuma ana neman a ƙwace mana shi. Gaskiya ne wasu yaranmu suna cewa "ya zo" ga mace, kuma ina gyara musu, amma na ji irin wannan a bakin yaran Yola da Mubi, waɗanda ba a tambayar asalinsu.

Wannan auratayya tana da tasiri a kan alƙalamina kai tsaye. Cikin masu karanta ni akwai kawunnaina Fulani da surukaina da maƙwabtan da suka koyi Hausa a kasuwa, don haka ba na wasan ƙabilanci a rubuce, ko da irin wanda ake yi tsakanin taubasai ne, domin abin da murmushi yake sassautawa a baki, a takarda tsirara yake fitowa. Idan na kawo karin magana mai zurfi, nakan bi ta da jimla ɗaya da za ta buɗe ta ba tare da na nuna wa mutum cewa bai sani ba. Kuɗi kuma sai na faɗi ko sefa ne ko naira. Na taɓa rubuta cewa an tara jaka hamsin na gyaran wata makarantar allo, ina nufin sefa dubu hamsin, tunda a ƙasashen sefa jaka dubu ɗaya ce, sai wani ɗan'uwa daga wajenku ya lissafa da jakarku ta naira ɗari biyu, ya aiko yana tambaya ko talauci ne ya kai mu haka. Tun daga ranar nake rubuta adadi da lambobi, da sunan kuɗin a gefensa.

Jan mai karatu a jiki kuwa, a garin da kowa ya san gidan kowa, ba ya buƙatar wata fasaha. Wanda ya karanta ni da safe zai tare ni a ƙofar masallaci da azahar, kuma idan ya gyara mini kuskure, a rubutu na gaba nake faɗa a fili cewa an gyara mini, abin da na lura yana sa mutane su ƙara sakin jiki. Ina fitar da rubutu ranar Juma'a ba fashi, don a san lokacin jira. Idan zan yi tambaya, nakan yi wadda tsohuwa za ta iya amsawa daga abin da ta gani da idonta, kamar yadda ake kai lefe a unguwarsu a da, kuma irin waɗannan amsoshi su ne suke haifar da rubutun mako mai zuwa.

Ina da roƙo ɗaya gare ka da abokan aikinka. Idan kuna lissafa masu jin Hausa kukan ce Najeriya da Nijar, wani lokaci ku ƙara da Gana, ku tsaya nan, alhali muna nan a Garwa da Marwa da Kusiri, ga kuma 'yan'uwa a ƙetaren kogi a Njamena, muna karanta ku. Sannan idan kun ce abu ya faru a Sabon Gari ko a Tudun Wada, ku taimaka ku faɗi na wane gari, domin a makon jiya sai da muka kwashe rabin sa'a a majalisa muna gardamar ko na Kano ake nufi ko na Zariya.