Fim ɗin da ba ya magana, da faifan da aka yi wa aski

Tambaya: Malam, na sayi faifan Metropolis jikka biyu a wajen wani mai tebur. Da na sa shi a gida, ba wanda ya ce uffan, kiɗa kawai da rubutu. In mayar masa? Daga wani ɗalibi, unguwar Wadata, Yamai.

Amsa: Ƙanena, in don rashin magana ne, zauna abinka. Fritz Lang ya fitar da fim ɗin a Jamus a 1927, lokacin da silima mai magana ba ta kankama ba. Da fuska da hannu 'yan wasa ke ba da labari, rubutun da ke fitowa tsakani shi ne bakinsu.

Inda nake jin tsoron an cuce ka shi ne tsawo. Fim ɗin da aka fara nunawa a Balin, babban birnin Jamus, minti 153 ne. Masu rarraba shi suka datse shi don kasuwar Amurka, abin da aka yanke ya ɓata shekara tamanin. Sai a 2008 aka tsinci wani tsohon kwafi a gidan tarihin silima na birnin Buenos Aires a Ajantina, aka yi gyara, a 2010 aka fito da mai minti 148. To duba naka. In ka ga awa ɗaya da rabi, guntu aka sayar maka, shi ya sa mutum zai ɓace a tsakiyar labari ba ka san inda ya shiga ba.

Kullum ina faɗa, kullum kuna yi: ku ga kwali mai ƙyalli, ku miƙa kuɗi, ku hau kabu-kabu. Wanda zai sayi goro sai ya buɗe ganye, amma faifai a kan amana? Juya bayansa. In ya yi shuɗi-shuɗi ko ruwan shunayya, a kwamfuta aka ƙona shi, zafin watan Afirilu ɗaya ya isa ya fara tsalle. Sa mai tebur ya kunna a gabanka, ka karanta mintin da idonka, ka ga ko rubutun da Faransanci yake, kada ka kai Jamusanci gida. Ka saurari kiɗan ma. Na asali Gottfried Huppertz ya tsara shi, yana tafiya da motsin injina da na ma'aikata, masu kwafi kuwa duk abin da suka samu suke liƙawa. Abu guda kada ya tayar maka da hankali: a gyaran 2010 akwai wuraren da hoton ke yin zane-zane kamar ana ruwa. Su ne guntayen Ajantina, ganinsu alheri ne.

Tambaya: Yarana uku, babban shekararsa 11. Ina tsoron abin da za su gani a Metropolis ɗin nan. Daga wata uwa a Tawa.

Amsa: Hajiya, Allah ya raya su, tsoronki kuma yana kan hanya. Akwai rawar da macen ƙarfe (na'ura ce da aka ba siffar mace) ke yi a gidan shaƙatawa, suturarta ba ta kai ta kawo ba, akwai kuma inda ruwa ke cin unguwar talakawa yara na kuka. Ki fara kallo ke kaɗai. Su kuwa ki nema musu Le Voyage dans la Lune na Georges Méliès, na 1902, inda kumbo ke soke wata a ido. Kusan kwata ɗin awa ne, ko an ɗauke wuta ba a yi babbar asara ba.

Tambaya: Zan sayi manyan lasifika da sabuwar tele saboda hoton bai cika gilashi ba.

Amsa: Lasifika don fim ɗin bebaye? Baƙin launin da ke gefe biyu na gilashin haka surar hoton zamanin take, ko tele mai faɗin ƙofar zaure ka saya yana nan. Kada ka ja shi ya cika, fuskoki za su koma kamar faifan tuwo. Kuɗin ka sayi abin daidaita wuta.

Tambaya: Yayana a Amurka zai aiko mini da faifan Metropolis na ainihi.

Amsa: Dakatar da shi tukuna. Ana kulle faifai da lambar shiyyar duniyar da aka yi shi dominta: DVD na Amurka shiyya ta 1 ne, na Faransa ta 2, ba kowace na'ura ke cin duka ba. In Blu-ray ne, Turai da Afirka duk shiyyar B suke, Amurka A. Duba lambar da ke bayan na'urarka, sannan ka kira shi.