Top silinda mai faɗin ƙofa ko kamshaf na tsere: wanne zan saya?

Tambaya: Malam, ina da Corolla mai giyar hannu, ina so in ƙara mata ƙarfi. A kasuwar Ladipo ta Legas an nuna mini top silinda (murfin saman inji) da aka fafe ƙofofin iskarsa suka yi faɗi, da kuma kamshaf (sandar da ke buɗewa da rufe bawul, wato marufin ƙofofin) irin na tsere. Kuɗina na ɗaya ne kawai. Wanne zan ɗauka? Daga wani mai karatu a Agege.

Amsa: Ɗan'uwa, kafin ka zaro kuɗi, a ina motar take yini? In tsakanin Agege da Oshodi ne cikin gosulo, da wuya injinka ya wuce juyi 3,000 a minti, su kuwa kayan nan biyu sai can sama suke nuna amfaninsu.

Ka tuna tiyon wankin mota: in ka matse bakinsa ruwa ya fita da gudu, in ka saki ya zubo a kasalance. Haka iska take. Ƙofa mai faɗi tana rage mata gudu idan inji na juyawa a hankali, silinda ba ta cika sosai, sai mota ta yi nauyin tashi. Toyota ma ta san da wannan. Injinta 4A-GE na 1983 ya zo da manyan ƙofofi, sai da ta haɗa masa T-VIS mai rufe rabin hanyoyin iska a ƙaramin juyi. Daga baya ta tsuke ƙofofin, ta cire T-VIS ɗin.

Shi kamshaf na tsere yana daɗewa bai rufe bawul ba. A babban juyi riba ce, a ƙarami fistin na koro wani abin da ya shiga. Silo, wato juyin inji idan mota na tsaye, ya lalace, mai ya tafi, birki ma na iya tauri tunda zuƙar iskar inji ce ke tausasa shi. Ka ƙara da kunna AC a kan gadar Third Mainland da yamma, ka ga ta kanka.

Ƙofa da kamshaf dole su so juyi ɗaya. Da ni ne, top silindan asali zan bari, in nemi kamshaf mai ɗan sama da na kamfani kaɗan, ba wancan na tsere ba. Bakanikenka ya fara auna matsin silinda, ya duba ko sifirin ɗin bawul zai ɗauka, da tazarar bawul da fistin. Wancan fafaffen kuwa, ba ka san hannun wa ya fafe shi ba, kuma ƙarfen da aka kankare ba ya dawowa.