Amsa ga Habu Kan Kuɗin Matar Amurka

Habu, jiya bayan la'asar ka tare ni a bakin rumfa da waya a hannu. Ka ce wata mata a Amurka ta ga hotunan jakunkunan da ka ɗora a Instagram, tana son guda talatin da matasan kujera goma, ciniki ya faɗa a kan dala 1,800, yanzu ta ce ka ba ta lambar asusu ta turo ta banki. Ka ce da ni, "Baba, in ba ta kuwa? Kada a kwashe mini 'yan kuɗina." A lokacin majemi yana tsaye a kaina da kirgi, shi ya sa na ce ka bari sai na zauna. To ga shi na zauna.

Ka ji tsoro a inda babu abin tsoro, ramin kuwa yana can gaba ba ka hango shi ba. Lambar asusu ba sirri ba ce. Duk wanda ya sayi takalmi a wurinka a Ƙofar Wambai ya yi maka tiransifa ai yana da ita, ka taɓa jin ya cire maka ko kwabo? Abin da matar take bukata shi ne sunanka yadda yake a banki, lambar nan mai alƙaluma 10, sunan bankin, da lambar SWIFT ta bankin, wato lambar da bankunan waje ke gane bankinka da ita, wadda ke zuwa da haruffa 8 ko 11. In Baturen Turai ne zai tambaye ka IBAN, wata doguwar lambar asusu da bankunansu ke amfani da ita, sai ka gaya masa bankunan Najeriya ba sa amfani da ita. Abin da ba a bayarwa ko da wuƙa a wuya shi ne lambar sirrin katinka, da lambobin da ke jikin katin, da 'yar lambar nan da banki ke turowa ta waya in za ka fitar da kuɗi, da BVN. Mai son ya biya ka ba shi da abin da zai yi da waɗannan. Ranar da ya tambaya, ciniki ya ƙare.

Sai ka buɗe asusun dala tukuna. In aka turo dala asusun naira, ko dai a mayar da ita inda ta fito, ko banki ya canza maka da farashinsa.

Bari in gaya maka yadda kuɗin ke tafiya, don wanda bai san hanya ba shi ake ɓatarwa. Ka san kakanninmu fatar jar akuyar Sakkwato sai ta ratsa Sahara zango zango kafin ta isa Turai, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, don a hannun mutanen can suke ganinta. Kuɗin banki ma haka yake, yana da zango. Shi SWIFT ɗin nan kamfani ne da bankuna suka kafa a Beljiyam a 1973, kuma ba ya ɗaukar kuɗi, saƙo kawai yake kaiwa daga banki zuwa banki. Dala kuwa galibi sai ta bi ta wani babban banki a Niyok inda bankinka yake da ajiya, daga nan a rubuta maka. Kowane zango yana iya gutsurar la'adarsa. Don haka in ka ga 1,800 ta iso da ɗan giɓi, kada ka ce matar ta cuce ka. A fom ɗin turawa akwai zaɓi uku: OUR, mai turawa ya ɗauki duk cajin, SHA, ku raba, BEN, a cire daga naka. Ku yi wannan magana tun kafin ta shiga banki. Tafiyar takan ci kwana biyu zuwa biyar na aiki, ban da Asabar da Lahadi da ranakun hutunsu ko namu.

Ni dai a wurina, ga mai sayarwa, wannan hanya ta fi kati ta fi PayPal kwanciyar hankali. A PayPal, kamfanin nan na biyan kuɗi ta intanet, mai saye yana da har kwana 180 ya kai ƙara ya ce kaya bai iso ba, da kati ma yana iya zuwa bankinsa a janye kuɗin bayan ka riga ka sayi fata da su. Tiransifar banki kuwa in ta sauka da gaske, wanda ya turo ba shi da ikon janye ta don ransa ya so. Sai dai bankinsa ya roƙi naka, naka kuma yawanci ya neme ka. Ka ga ashe kasadar tana wuyan mai saye ne. Saboda haka in matar ta ɗan yi ɗari-ɗari kada ka ji haushi. Tana turo kuɗi ƙasar da lamba 419, wani sashe na dokar laifuffukanmu, ta zama suna a bakin duniya. Ka sassauta mata: rabi kafin alƙalami, rabi in ka gama ka nuna mata kayan a bidiyo kafin a ɗaure.

Amma ka lura da abin da na ce: in ta sauka da gaske. Nan ne aka taɓa kayar da ni, kuma ban cika ba da labarin ba don kunya.

Shekarun baya, kafin ka zo wurina, wani ya rubuto mini ya ce yana da shago a Landan, yana son gafaka da jakunkunan hannu. Bai yi tayi ba ko sau ɗaya. Wannan kaɗai ya isa ya farkar da ni, don ban taɓa ganin ɗan kasuwar kirki da ba ya neman ragi ba, amma kwaɗayi ya rufe mini ido. Bayan kwana biyu ya turo takardar shaidar biya, irin wadda bankuna ke kira MT103. Habu, in ka ga takardar nan sai ka rantse. Ga tambarin banki a sama, ga sunana ba kuskure ko na harafi, ga layukan lambobi, ga hatimi ja a ƙasa. Washegari da sassafe ya kira, wai wakilinsa zai tashi da jirgin dare, in taimaka in ba da abin da ya samu, kuɗi kuwa suna hanya. Kafin azahar sai ga wani saurayi a a-daidaita-sahu, da riga fes da turare, yana ta "ranka ya daɗe". Da hannuna na ƙirga masa gafaka goma sha biyu, har na ƙara masa leda don kada ƙura ta taɓa su.

Da kwana biyar suka cika na ɗauki takardar na tafi banki. Yarinyar da ke kula da asusuna ta duba ta duba, ta juyo mini da fuskar kwamfuta ta ce, "Baba, babu wani saƙo da ya shigo da wannan lamba." Na ce ga hatimi. Ta ce hatimi kowa na iya bugawa. Da na koma kan mutumin sai ya ce wai an riƙe kuɗin a hanya, in tura dala ɗari biyu na sakin su. Nan na gane. Ban tura ba, amma gafaka ta tafi, da aikin sati uku.

Daga ranar na daina ɗaukar takarda a matsayin kuɗi. Hoton rasit, imel mai tambarin banki, har alat ɗin da ke shigowa ta saƙon waya, duk ana ƙera na bogi. Ka buɗe manhajar bankinka da kanka, ko ka taka ka je. A can ma ka duba da kyau, don wani lokaci adadi biyu ne: wanda aka rubuta, da wanda za ka iya cirewa. Na biyun shi ne naka. Akwai masu cewa tiransifa za su yi, sai su zuba cek na ƙarya, adadi ya bayyana, bayan kwanaki ya ɓace. Ka tambayi ma'aikacin banki kai tsaye: ta wace hanya kuɗin nan suka shigo, kuma sun zauna? In tiransifa ce ta gaskiya tana da wata doguwar lamba mai haruffa 36 da ake kira UETR, da ita banki ke bin sawun kuɗi ya gaya maka zangon da suke.

Yanzu ga wanda ya fi wannan muni, don shi kuɗin na gaske ne. Za ka tashi ka ga dala 2,800 a maimakon 1,800. Sai saƙo ya biyo baya: yi haƙuri, akawuna ne ya yi kuskure, ka tura rarar dubu ɗayan ga mai yi mini jigilar kaya, ga lambarsa. Ko kuma adadin daidai ne, amma sunan wanda ya turo daban da na wadda kuka yi ciniki. Abin da ke faruwa a ɓoye shi ne an shiga asusun wani bawan Allah, ko an yaudari wata tsohuwa an ce ta tura kuɗi wannan lamba, lambar kuwa taka ce. Ranar da mai kuɗin ya farga ya kai ƙara, bankinsa zai aiko da saƙon cewa kuɗin sata ne. A nan maganar "ba a janyewa" ba ta aiki. Bankinka zai rufe asusun, ba ka iya cire ko naka na halak, kuma ba mamaki EFCC ta gayyace ka. Shi ɓarawon ya karɓi dubu ɗayansa da kayanka ya yi gaba. Sunan da ke rubuce a takarda naka ne, ba nasa ba.

Saboda haka sunan mai turowa ya zama sunan mai saye. In ta ce da asusun kamfaninta ko na mijinta za ta biya, yana yiwuwa gaskiya ne, amma ta rubuto haka tun kafin ta turo, kuma sunan kamfanin ya shiga takardar ciniki. In rara ta shigo, kada ka taɓa ta, kada ka tura wa kowa. Ka je banki ka ce a mayar da ita asusun da ta fito. Mai gaskiya zai yarda da haka nan take, maƙaryaci kuwa zai fara faɗa da gaggawa.

Na ji abokinka yana ce maka me zai sa ka wahalar buɗe asusu, ga na yayansa. A'a. Kada ka ari asusun wani, kada kuma ka ara wa wani naka, ko da ɗan uwanka ne ya ce baƙonsa zai turo masa kuɗi sau ɗaya tak.

Akwai kuma ɓarayin imel. Sukan shiga akwatin mutum su zauna shiru suna karanta ciniki, sai ranar biya su aika wa mai saye cewa an canza asusu. Ita ta biya, kai ba ka gani ba, ku yi ta zargin juna. Maganinsa ba wuya: ka kira ta a bidiyo, ka karanta mata lambar da bakinka, ka gaya mata ba za ka taɓa canza ta ta saƙo ba. A kiran nan ma za ka ga fuskarta da shagonta. Wanda kullum kyamararsa a lalace take, ka san abin da ake ciki.

Ka adana komai: takardar ciniki mai ɗauke da adadi da farashi, hirarku, hotunan kaya, da rasit ɗin kamfanin jigila. Banki yana iya tambayarka daga ina dala ta fito, kuma haƙƙinsa ne. In Allah ya buɗa harka ta girma ta wuce 'yan ƙunshi, sai ka yi rajista da hukumar NEPC mai kula da fitar da kaya, ka riƙa cike fom ɗin NXP ta bankinka, kuɗin kayan kuma doka ta ce su dawo gida cikin kwana 180. Wannan sai mu zauna a kansa daban.

Gobe da safe ka tafi banki da katin shaidarka da hotuna, ka buɗe asusun, ka ce su rubuto maka cikakken bayanin karɓar dala har da sunan bankinsu na Niyok. Kada ka sa wuƙa a kirgi ko ɗaya sai rabin nan ya zauna ka gan shi da idonka. Kafin nan ka ɗauko mini jakar da ka ɗauki hotonta, mai ruwan ƙasa ɗin nan. Na ga ɗinkin hannunta layi ɗaya ka yi, kuma matan can kwamfuta suke cusawa a jaka. Sai mun ninka shi.