Amsa kan saka wasan layi-layi a cikin allon jirgi

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena na Aboabo, na saurari tambayarka, wai kana so ka saka ɗan wasa irin na da, mai zanen layi zalla, a allon matuƙi cikin simuleta, ka riƙa bugawa in ka bar jirgi a hannun otofailot, wato na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta. Zai yiwu sarai. Amma da laftop ɗin nan naka, ka manta da Microsoft Flight Simulator, ka sauke FlightGear. Ba ka biyan ko sidi ɗaya, data kawai zai ci.

Dalilina, FlightGear na da Canvas, inda ake zana allunan matuƙi, ga harshensa na rubuta firogiram, Nasal. Shi Canvas layi yake ja daga wannan ɗigo zuwa wancan, kuma haka wasan Asteroids na kamfanin Atari, na kumbo mai harbin duwatsu, ya yi aiki a 1979. Allonsa ba ya share fuska jeri-jeri kamar talabijin, hasken ne ke tafiya kai tsaye ya zana siffar, shi ya sa harsashin ke ƙyalli haka. Kumbonka ɗigo huɗu ya isa, dutse kamar goma, baƙin bango. In kana son ƙyallin, ja layin sau biyu, mai kauri dishi-dishi a ƙasa, siriri fari tas a kansa.

To ga inda ake faɗuwa, ka saurara da kyau. Kar ka riƙa goge duwatsun kana sake ƙirƙirarsu kowane firam, wato duk sanda allo ya sabunta hoto. Yi su sau ɗaya, sai ka dinga matsar da su da umarnin setTranslation, kana juya su da setRotation. Sannan gudun kowane abu ka ninka shi da lokacin da ya wuce tsakanin firam biyu. In ba haka ba, a saman gajimare wasan zai yi ta gudu, kana gangarowa filin jirgin Accra gine-gine suka cika allo, sai ya koma tafiyar tirotiro a Circle na Accra da yamma.

Maɓallai kuma, kibiyoyin nan su ke juya jirgin, g tayoyi yake ɗagawa. Sa makunni guda da zai karɓe su ya ba wasan, har sai ka rufe shi.

Af, Kumasi zuwa Accra bai kai awa ba, kafin ka fasa dutse uku an fara sauka. Ɗauki hanyar Jidda. Fara da kumbo ɗaya yana juyawa tukuna, ka turo mana bidiyon nan cikin guruf.