Amsa ga ƙanenmu na Sawaba mai son shiga aikin ɗan sanda

Assalamu alaikum. Ƙanena, na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce shekara biyar da suka wuce ka sayi waya a kasuwar Kejetia ta nan Kumasi, ashe ta sata ce, aka kama ka har magana ta kai kotu. Yanzu kana da sakamakon WASSCE, jarrabawar gama sakandare, mai kyau, kana jiran a buɗe fom ɗin 'yan sanda, kana tsoron kada tsohon zancen ya tare maka hanya. Na ga masu cewa ka haƙura kawai, na ga masu cewa ka ja bakinka ka cike fom. Ni hanyar nan da ƙafata na taka ta, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Abu biyu ba ka faɗa mana ba, kuma amsarka tana cikinsu: shekararka nawa lokacin, kuma da me alƙali ya rufe shari'ar?

Mu a Zango komai sai mu dunƙule mu ce "an taɓa kama shi". A wurin hukuma ba haka ba ne. Kwana a sel daban, tsare mutum kafin a gama shari'a daban, hukunci kuma daban. Wanda mai ƙara ya daina zuwa kotu har alƙali ya sallame shi, ko wanda iyaye da liman suka shiga tsakani aka janye ƙarar, ba a same shi da laifi ba. Amma wanda ya tsaya gaban alƙali ya ce "na aikata", aka ci shi tara ya biya, to an yanke masa hukunci, ko da bai taɓa leƙa gidan yarin Adum ba.

A nan na faɗi. Ina da shekara 22 faɗa ya kaure bayan wasan ƙwallo a Aboabo, na fasa wa wani yaro baki. A harabar kotu wani mai ganin ya san kan abubuwa ya ce min in amsa laifi tare da bayani, in biya tara, in kwana a gida. Haka na yi. Ran nan har tuwo aka yi mana na murna, ana cewa Allah ya rufa asiri. Bayan shekara uku na nemi aikin. Tsawo na wuce ƙafa 5 da inci 8 da ake nema ga maza, takarduna sun cika, jikina ba zane ko ɗaya. Inda aka tambayi ko an taɓa samuna da laifi na rubuta a'a, kuma wallahi ba da niyyar ƙarya ba, a tunanina tara ai ba ɗauri ba ce. Na manta cewa tun lokacin shari'ar an dangwala yatsuna goma a tawada, kuma irin wannan takarda hedikwatar CID, wato sashen binciken laifuka na 'yan sanda, a Ankara take tafiya ta zauna. Da aka zo tantancewa sai aka ja ni gefe. Jami'in bai ɗaga min murya ba. Cewa ya yi sharaɗin a rubuce yake a cikin sanarwar: ɗan Gana, mai halin kirki, wanda ba shi da tarihin laifi. Ban ga filin horo na Patasi ba sai daga tagar mota.

Abin da ya fi ƙona min rai ya zo daga baya. Wani ya ce yana da hanya, yana da "furotokol", zai sa a ɓatar da fayil ɗin. Mahaifiyata ta kwashe adashinta na sayar da koko ta ba shi. Har ta koma ga Allah ba mu sake jin lambarsa ta shiga ba. Irinsu suna fitowa duk lokacin ɗaukar ma'aikata kamar shinge da damina, kuma sun fi son irinmu, don sun san mai tabo ba ya son zuwa caji ofis kai ƙara. Masu ba ka shawarar sauya suna ko rage shekaru su ma ka bar su, yanzu da Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, ta ɗaure sunan kowa da yatsunsa.

To idan ba ka kai 18 ba lokacin, kuma a kotun yara aka yi shari'ar, maganarka daban ce da tawa. Dokar shari'ar yara ta 2003, wato Act 653, ta ba da damar a nemi kotu ta goge hukuncin bayan an ɗauki wasu shekaru ba a sake komawa laifi ba, ban da manyan laifuka irin kisa da fyaɗe. Kai kanka ko ɗan'uwanka na kusa kuna iya shigar da buƙatar. Ni da na je wurin lauya da tawa takardar, shekaruna kawai ya duba ya girgiza kai.

Kada kuma ka ce bari ka juya wajen soja, ko shige da fice, ko kashe gobara, ko gandiroba. Duk sharaɗin nan ɗaya ne. Na san zafin abin, musamman ga ɗan Zango da ya taso yana jin cewa da Hausawan da Baturen mulkin mallaka Glover ya kwaso daga Legas aka kafa harsashin aikin nan tun zamanin Gwalkwas. Ni dai na ƙare a Suame Magazine, unguwar makanikai, gyaran wutar mota nake yi, yara shida ne a hannuna yanzu, biyu a cikinsu ma sun taɓa shiga irin wannan rigima.

Kafin ka kashe ko sidi ɗaya a kan fom, ka koma kotun da aka kai ka, ka shiga ofishin rajista ka nemi kwafin yadda aka rufe shari'ar. Ko ba ka tuna lambar ƙarar ba, ka tafi da shekarar da cikakken sunan da aka rubuta maka. Sannan ka nemi takardar shaidar rashin laifi ta CID, irin wadda masu tafiya waje suke karɓa, ka gani da idonka abin da yatsunka za su fito da shi. Ka kai duka biyun ofishin Legal Aid na nan Kumasi su karanta maka, an kafa su ne don wanda ba shi da kuɗin lauya. Idan ka samo takardar kotun ka turo min hotonta ta akwatin sirri, ka rufe sunanka, mu duba ta tare.